Littafin da Na Binne a Gindin Rumbu

Ƙanina matuƙin jirgin sama ne, amma bai taɓa ɗaukar fasinja a sama ba. Ni na jawo masa.

Da ya gama makarantar tuƙi ya dawo gidanmu a Galadi da wani littafi mai baƙin bango, ya ba ni ajiya. Ya ce duk tashin da ya yi yana ciki: rana, awanni, da sa hannun malamin da ya zauna kusa da shi. Kamfanin jirgi, in ji shi, kafin su gwada idonka da kunnenka, kafin su ji Turancinka, wannan littafin suke fara buɗewa. Ni dai na ce to. A idona bai wuce katin awon ciki ba.

Da damina ta kama, 'yan bindiga suka fara ƙona gidaje a ƙauyukan kusa da mu. Shi yana Kaura Namoda yana taya kawunmu zaman shago. A wurinmu in za a gudu, abin da ake ji da shi a tukunya ake sa shi, a rufe bakin, a liƙe da laka, a binne a gindin rumbu. Haka kakarmu ta yi da awarwaronta, haka innarmu. Na yi wa littafin yadda aka saba, har ina jin kaina wai ni mai dabara. Ban sa leda ba. Wa ya taɓa naɗe azurfa a leda?

Wata biyar muka yi a Shinkafi muna haya. Sai ga kira, wani kamfani yana son ganinsa ranar Litinin, ya zo da littafinsa na asali. Ya zo ya same ni, muka hau babur zuwa Galadi. Gidan lafiya lau, ko kara ɗaya ba a ƙona ba. Na haƙa. Tukunyar ta tsage ta gefe, gara ta shiga. Bangon yana nan. Ciki kuwa jar ƙasa ce da wani gutsure mai rabin sa hannu.

Ya tsuguna, ya daɗe yana juya bangon. Na so ya zage ni, wallahi da na samu sauƙi.

"Yaya, mu tafi, kar la'asar ta same mu a hanya," ya ce.

Ya je ganawar hakanan. Suka ce ya nemo tabbaci daga makaranta, za su sake kiransa. Makarantar ta ce za ta duba. Shekara ta uku ke nan ana dubawa.

Har yau ban yi kuka ba. Ban ma san abin da nake ji ba. Yanzu mutane yake kaiwa Zurmi a babur. Bangon yana cikin akwatina, bai taɓa tambayarsa ba. Rannan ina tasha jirgi ya wuce ta samanmu, kowa ya ɗaga kai. Shi yana ɗaure wa wani fasinja buhun gero a bayan babur, ya ci gaba da ɗaurinsa.