An kulle mini labarin Kaka

Jama'a, yau an hana ni shiga rubutun da na yi da hannuna.

Kun san tun bara nake rubuta labarin Kaka, Allah ya jiƙanta, yadda iyayenta suka taso da ita a ƙafa daga Sakkwato har nan Jazira ta ƙasar Sudan. Tana faɗa, ina dannawa a waya. Ƙanena Bashir ne ya zaɓa mini manhajar rubutun. Ya ce, "Yaya, bar tsohuwar manhajar nan, ɗauki mai ajiya a intanet. Ko wayarka ta faɗa ruwan tur'a, magudanar ban ruwan gonaki, ba abin da zai ɓace."

Jibi ne sadakar arba'in ɗinta. Na ce bari in fitar a takarda in raba wa dangi. Ina buɗewa sai ga saƙo: ba ma aiki a ƙasarku.

Na hau mota sai garin Managil. Mai gyaran waya ya gwada duk dabarunsa, ya miƙo mini. "Ya zol, bawan Allah, rubutunka na nan lafiya lau. Sai dai ka fita Sudan ka buɗe."

Na kira Bashir. Wai, "To ai bai ɓace ba."

Tsohuwar da ta keto ƙasashe ba fasfo, yau sai na nemi biza kafin in ji maganarta.