Addu'ar da Maƙwabciyata Ta Roƙe Ni

A unguwar Satwa, a ƙasar da muke ci-rani, kicin ɗaya muke yi da wata 'yar Jos, Kirista, mai aikin shara a wani asibiti. Wata Talata da hantsi ina tuƙa tuwo ta shigo, ko takalmin aiki ba ta cire ba.

"Hajiya, ki sa ƙanena a addu'a. Jibi za a saurari ɗaukaka ƙararsa."

Na san zancen. Direba ne a wata ƙasa. Shi da abokin aikinsa, farar fata, suka yi wa wata yarinya fyaɗe. Ba ƙazafi ba ne, yayar ma ba ta taɓa cewa ƙazafi ne ba. Yarinyar ta nuna su su biyu, ta ce farin ne ya fara. Alƙali ɗaya, zama ɗaya. Farin, wai ruɗin ƙuruciya ne, aka yanke masa 'yan shekaru, alhali ya girmi ɗayan. Baƙin kuwa aka ce a kashe shi ya zama darasi. Darasi ga wa? Sai da baƙar fata ake koyar da karatu?

'Ya'ya mata uku gare ni. Duk sanda na ji labarin fyaɗe, "a kashe" ne ke fara fita daga bakina, kuma ban tuba ba. Amma ranar da na ji hukuncin nan raina ya ɓaci ƙwarai. Alƙalin nan bai duba yarinyar ba sam. Da ita ya duba, da bai raba su ba.

Na ce, "'Yar'uwa, ba zan iya roƙon a sake shi ba."

"Na ce miki a sake shi? Ya ruɓe a kurkuku! Ransa kawai, Hajiya."

"Zan roƙi Allah a auna su da mudu ɗaya."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "In mudun ya ce a kashe su duka biyu fa?"

Na kasa kallonta. Na ce abin da bakina zai iya ke nan, ba zan yi wa Ubangiji ƙarya a sujada ba.

Ta daɗe tana murza zanenta. Can ta share ido da bayan hannu.

"Farin dai ba za su taɓa kashe shi ba. Yi addu'arki, Hajiya. Amin."