Muryar Maigidana a Faifan Saksafon

Maigidana yana da wani faifai da na tsana tun ina amarya. Wani mai busa saksafon ne, algaitar nan ta Turawa mai lanƙwasa, aka naɗa a gaban 'yan kallo a ƙasar da maigidan ya yi karatun injiniya. Irin jaz ɗin nan ne marar ƙa'ida. Mai ganga ya yi gabas, mai busa ya yi yamma, babu mai jiran wani. Ni dai a kunnena kamar an taka wutsiyar kyanwa ne aka ƙi ɗaga ƙafa.

Da aiki ya kawo mu Madina na ce alhamdulillahi, kunyar garin za ta raba shi da abin. Ina! Sai ya zuba shi a waya. In mun fito daga gidanmu na unguwar Ranuna za mu cefane, ya ɗage gilasan mota ya kunna ƙasa-ƙasa, da mun doshi masallacin Ƙuba ya kashe.

Can tsakiyar faifan akwai inda mai busar yake jan sauti ɗaya har ka ce zai shiɗe, sannan ya saki, ɗakin ya yi tsit. A cikin tsit ɗin sai wani ya ɗaga murya, da Hausa, a tsakiyar Turawa: "Haba malam!"

Duk ranar duniya in an zo wurin sai ya taɓa ni. "Hajiya, kin ji mijinki?"

Ni kuma in ce, "Kai kaɗai ne Bahaushe a duniya?"

Shekara da shekaru muna wannan musu, ban taɓa sallama masa ba, don daɗin ganin ya hasala.

Bara ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Likita ya ce tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, a dai riƙa sa masa abin da kunnensa ya saba. Addu'a da zamzam babu wanda ban yi ba. Wata rana da hantsi na rasa abin yi, na ɗauko wayarsa na kunna faifan da hannuna.

Maƙwabciyata 'yar Chadi ta shigo da dabinon ajwa, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ya ukhti, eish, mene ne wannan? Mutum yana kwance ki sa masa wannan ihu? Khalas, kashe!"

Ban kashe ba. Ta ajiye dabinon ta fita tana salati.

Na zauna na haɗiye hayaniyar duka, har mai busar ya ja dogon sautin nan ya saki. Muryar ta fito, ta saurayi, ƙoshin lafiya a cikinta. Na zuba wa bakin maigidana ido. Leɓensa ya motsa, maƙogwaronsa ya motsa, babu abin da ya fito. Zuciyata ta karye, wallahi.

Na ce, "Alhaji, kai ne. Tun ranar farko na san kai ne."

Da can da na faɗi haka, da unguwa duka ta ji ya ci musu. Sai kawai ya dube ni, ya ɗaga yatsan hannun hagu ya juya shi a iska, wai in mayar baya.

Na mayar. Yanzu a nan kaɗai nake jin muryar mijina.