Tamar Kakana

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen gawayi, sai hankalina ya koma bayan gidan hayarmu na Agege, zamanin da kuɗin fetur suka fara cika Legas da motoci.

Kakana maƙeri ne. Da tsofaffin ƙarafan mota yake ƙera wa mahauta wuƙaƙe, kuma aikin bai taɓa kwanta masa a rai ba.

Wata rana na dawo daga makaranta da tambaya: me ake kiran dutsen da ƙarfe ke cikinsa? Malaminmu na allo, wanda ke zaune a maƙerar, ya ce ma'adini. Kalmar Larabci ce, in ji shi, asalinta wurin da abu ya zauna ya kafu, shi ya sa ta haɗa har da kuza da zinariya.

"Wannan sunan kowa da kowa ne," in ji kakana. "Namu na maƙera, tama."

Na ce ni dai a mota na san ƙarfe yake fitowa. Bai yi dariya ba. Ya aika wa ƙanensa can Arewa, aka ɗoro buhun tama a jirgin ƙasa mai kawo shanu: jajayen duwatsu masu nauyi, marasa kyan gani. Ya gina murhun narka ta da yumɓu, har ya fi ni tsayi. To amma damina ce, ka kuwa san ruwan Legas ba ya jin roƙo. Yumɓu ya ƙi bushewa, gawayi ya ƙi kamawa.

Ranar da gari ya washe muka hura wuta. Ina kan zugazugi har kafaɗuna suka mutu. Sai maƙwabtanmu 'yan goro suka yi ca, wai hayaƙi zai ɓata musu kaya. Mai gidan ya kira duba-gari.

"Oga, zuwa la'asar kawai," kakana ya roƙi duba-garin. "Don yarinyar nan ta gani."

Aka sheƙa wa wutar ruwa, aka sa wa murhun diga. Tamar da ta rage, mai gidan ya cike taɓon ƙofar gida da ita. Tun daga ranar kakana ta baya yake shiga, har ya rasu.

Yanzu wurin bene ne, da shagon waya a ƙasa. Jikokina sukan nuna mini yadda ake narka tama a bidiyo, su ce ai ga shi nan. Nakan mayar musu da wayarsu. Ba hannun kakana ba ne.