Sunan da Na Ba Guguwa

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji ba, ni ya faru da ni, Allah ne shaidata. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, muna kiwo a dajin Gwarinpa, lokacin ba komai a wurin sai gonakin doyar Gwarawa da rugagenmu. Da bazara ne, irin lokacin da zafi ke dafa mutum kafin ruwan farko ya sauka, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san lokacin guguwa ke nan, da rana tsaka take tashi.

Ina da 'yar fari, Habiba, ba ta daɗe da fara gudu ba. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, amma mu a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, balle gaban suruki. Tun da aka raɗa mata suna bai taɓa fita bakina ba, "ke" nake ce mata.

Wata rana surukina ya zo, muna zaune gindin ɗorawa, kaina a sunkuye, sai wani tsoho Bagware da ke huɗa kusa da mu ya yar da fartanya ya ce, "Fulani, yaro naka yana can, iska yana zuwa!"

Na ɗaga kai. Ba irin 'yar guguwar nan mai wasa da ganye ba ce, baƙa ce wuluk, daga ƙasa har cikin hadari, ta riga ta ɗauke jinkar bukkarmu, ga yarinya tsaye a fili tana yi mata dariya. Na ce ke, ke, ba ta waiwayo ba, wallahi da idona na ga ƙafafunta sun bar ƙasa, sai kawai na ji bakina ya buɗe na kwarma, "Habiba!" har duwatsu suka amsa.

Guguwar ta tsaya cak. Ta dire ta a hankali kamar yadda uwa ke sauke goyo, ta karkata ta bi rafi. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

Na rungume ta ina kuka a gaban surukina, abin da ko a mafarki ban taɓa zato ba. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Shi kuwa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon inda iskar ta bi, sannan ya ce, "Kai yaro, ka ba su sunan."

Daga ranar Habiba ba ta ƙara amsa sunanta ba, ko uwarta ce ta kira, sai da muka laƙa mata Jummai. Amma duk bazara, da guguwa ta taso, sai mu ji ana kiran Habiba daga cikinta, kuma da muryata, duk ruga an ji, kowa ya sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Ita kuma sai ta ajiye abin da ke hannunta ta nufi wajen, sai an riƙe ta.

Yanzu tana da jikoki, har yau in hadarin farko ya haɗu 'ya'yanta kulle ta suke yi a ɗaki. Ni ban san mene ne ba, kuma na daina tambaya. In kun ga guguwa ta nufo ɗanku, ku ruga ku ɗauko shi da hannu, ko gaban wa kuke. Kada ku kira.