Shinkafar da Na Tashi Ceto a Indiya

Mun bar Argungu bayan sallar asuba, a makon da aka fara yankan shinkafar rani. Wanda ya san sana'armu ya san dillali ba ya tafiya a irin wannan lokaci. Manoma na fitar da samfarera, farashi na ƙasa, wanda ya cika sito yanzu shi zai ci shekara. Ina sane na rufe sito na tafi. Ɗana na fari ya gama digirin aikin gona a Indiya, ya aiko cewa yana son ƙarin shekara biyu. Ni kuwa gwiwoyina sun fara ƙi, injin casa na neman mai tsayawa a kansa, ƙannensa duk mata ne, suna ɗakunansu. Tun ina turara shinkafa a tukunya biyu bayan ɗaki ban taɓa biyan kayan da ban murza a tafin hannu ba. Karatu ma kaya ne. Na ce zan je in gani, in bai cika ba in taho da ɗana.

A Gwadangaji muka ɗauki ƙanena, shi ne ɗan rakiya kuma mai Turancin tafiyar. Muka bi ta Jega da Koko, muka ci soyayyen kifi a Yawuri, hanyar Kontagora ta jijjiga mu har kifin ya sauka. Daga Abuja jirgi ya kai mu Addis Ababa, wani ya ƙarasa da mu Delhi.

Na ɗauka na san taro tunda na tsaya Arfa. Delhi ta nuna mini Arfa ce kullum a wurinsu, ba ranar tashi. Keke Napep da muke hawa zuwa Gesse, ashe nan ne gidan ubansa, ga su kamar tururuwa, kowa na danna oda. Shanu na kwance tsakiyar titi ba makiyayi, motoci na kauce musu. Ƙanena ya tsaya yana yi wa wani bijimi kuɗi da ido, sai da na ja hannun rigarsa.

Jirgin ƙasa ya ɗauke mu zuwa gabashin ƙasar, yini da kwana. Ana sayar da shayi mai citta a ɗan kofin ƙasa, ka sha ka jefar. Kuɗinsa bai kai na ƙosai uku ba. Na ɓoye nawa kofin a jaka, ban iya yar da abin da aka gina da hannu ba. Da gari ya waye na leƙa taga, shinkafa ce har ƙarshen gani. Nan ana yanka, can ana dashe, ruwa na bin magudanai a miƙe kamar an ja zare. Ni da nake ganin fadamarmu ita ce duniya, ban bar bakin tagar ba har rana ta ɗaga.

Yaron ya tarye mu a tasha. Ya rame, ya yi duhu, yana ciniki da mai keke da yarensu har suna dariya. Ɗan fari ne, ban kira sunansa ba, ban kuma daɗe ina kallonsa ba. Na ce, “Kana lahiya?” Ya ce, “Lahiya lau, Inna.”

Tsohuwar da yake haya a gidanta ta zuba mana shinkafa da miyar wake a kan ganyen ayaba, ba nama. Loma ɗaya na gane turararriya ce. Na nuna mata da hannu yadda muke jiƙawa, mu turara, mu shanya. Ta tafa hannu, ta ja ni bayan gida ta nuna mini tukunyarta. Ba ma jin juna, amma mun kai magariba muna hira.

Washegari ya kai mu gonar makarantarsu, ya bar mu ƙarƙashin inuwa ya je kiran malamarsa. Ina zagayawa sai na iske wani fangali da aka zagaye da siminti, cike da ruwa. Na leƙa. Shinkafa ce a ƙasa, ruwa ya shanye ta, ko kan ganye ba a gani.

Shekarar da gulbi ya cinye gonar mahaifinsa, a bakin gaɓa muka tsaya muna kallon irin wannan. Marigayin bai sake miƙewa ba, ni kuma daga nan na fara turara shinkafar mutane. Saboda haka ban yi shawara da kowa ba. Na tattare zane, na kama katakon da ya tare bakin magudana, na fizge shi. Ruwa ya fara fita da ƙarfi, ni kuma ina ta kiran ƙanena ya zo ya taimaka.

Sai ga yaron a guje. Ya faɗa cikin laka da takalmansa ya mayar da katakon.

“Inna, mi kika yi haka? Da gangan muka sa mata ruwan ga.”

“Da gangan? Wanga shi ne karatun? Kashe shinkafa?”

“So muke mu ga wadda ba ta mutuwa.”

Malamar, wata dattijuwa mai takalman roba, ta iso tana haki. Da aka bayyana mata, ta riƙe hannuna, ta yi magana, yaron ya fassara: ita ma uwarta da haka za ta yi, su ma kogi ya sha cinye musu gona. Aka sake cika ruwan. Allah ya taimaka ganye bai kai ga leƙowa ba.

Sama da mako shinkafar ta yi a nutse kafin su buɗe. Iri biyu ne gefe da gefe. Ɗaya ta ruɓe, da warin nan da duk ɗan fadama ya sani. Ɗayar tana kwance cikin laka. Na ce duka sun tafi. Yaron ya ce in ba ta kwanaki.

A tsakanin ya kai mu bakin teku. Ruwa ne ba ƙetare, yana zuwa yana komawa ba hutu. Masunta na tura jiragensu cikin igiyar da ta fi soro tsawo. Na tuna masuntanmu da goransu da homa, ragarsu ta hannu, na yi tasbihi.

Da muka koma gonar, wadda na bari kwance ta miƙe, kore shar, har da sabon tofo. Wannan karon na nemi izini kafin in taɓa. Na tuge ɗaya, saiwar fara ce, da ƙarfinta. Na daɗe riƙe da ita. Sannan na yi tambayar sana'a: za ta yi a ƙasarmu? Tana karyewa a inji? Mata za su saye ta?

“Ban sani ba tukuna, Inna. Aikin shekara biyun ke nan.”

Da ya yi mini alkawarin dillalai da na taho da shi a ranar. A tasha na ce masa, “Zauna ka gama.” Ya sunkuyar da kai, ni ma na juya ina gyara jaka.

Mun iso gida farashi ya tashi, manoman da na saba da su sun sayar wa wasu. Sito bai kai rabi ba, gwiwoyina suna nan yadda suke, injin kuma ni ce a kansa har shekara biyu. Wannan duk hasara ce, ban sa mata wani suna ba. Abin da na koyo shi ne akwai kayan da tafin hannu ba ya gwadawa rana ɗaya. Ranar dawowarmu da muka hau gadar gulbi na dubi fadama, ga alamar ruwan bara a jikin itatuwa, sama da tsayin mutum. Tun rasuwar mahaifinsa ban taɓa kallon alamar nan ban kawar da kai ba, sai ranar.