Ranar da Aka Zo Roƙon Ƙanena a Kan Babura

Akwai wani hantsi na ƙarshen damina da na tabbata ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, shi zai bar min shi. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na ji ƙarar babura da yawa sun taho tare, sai na ajiye almakashi na kasa kunne.

Ni tela ne a Gummi, amma asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Zugu, a ƙasar Bukkuyum. Ƙofar shagona ita ce majalisar magoya bayan kulob ɗin unguwarmu. Ba ni na gayyace su ba. Benci na ajiye don masu jiran ɗinki, su kuma suka gaje shi ba tare da na mutu ba. Daga la'asar zuwa magariba ba abin da ake yi sai musun ƙwallo, ni ina taka keken ɗinki ina jefa baki, wani lokaci har in ɗinke aljihun mutum ban sani ba.

A shekarar kulob ya ɗauko sababbin 'yan wasa biyu. Ɗaya ɗan wasan gaba ne daga Anka, ƙato mai faɗin ƙirji. Ɗayan kuwa ƙanena ne, autan Inna, wanda kocin kulob ɗin ya gani a wani wasan ƙauye da ƙauye ranar kasuwa, ya kira shi gwaji sau biyu. Daga nan majalisa ta rabu. Jagoran masu son ƙanena wani mai gyaran waya ne da muke kira sarkin magoya baya, mutumin da bai iya magana ƙasa-ƙasa ba ko a gidan makoki.

"Na Anka ƙirji garai, ban hana ba," in ji shi. "Amma ƙanen tela in yas saki gudu ta gehe, wa ka tare shi? Ku rubuta ku aje, yaron ga sai ya buga ƙasar waje."

Mai shayin kusa da ni shi ne madugun 'yan adawa. Sai ya ce, "Gudu kaɗai ba ya cin ƙwallo. Yaro na, ƙashinai bai yi ƙwari ba. Ɗan baya guda ya sa mai kahwaɗa, sai dai a kwashe shi."

Suna wannan musu kamar yaron ya riga ya zama nasu, ni kuwa abin da ke cina daban ne: Baba bai yarda ba. Bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba, kuma wanda ya san Baba ya san wannan shirun ya fi a'a wuyar sha'ani. Da na matsa masa sai ya ce, "Ɗana ba akuya ba na, da za a aiko a kwance. Wanda ka son shi ya zaka ya roƙa da bakinai."

Ni ba ƙasar waje nake hango wa yaron ba. So nake kawai ya bar ƙauyen. Sau biyu 'yan bindiga suna shigar mana, kuma sa'o'insa duk wanda bai gudu birni ba ya ɗauki bindigar maharba ya shiga 'yan sa-kai. Na riga na tsara a raina: da safe ya zauna kan keke kusa da ni, da yamma ya tafi fili. Duk wannan ya rataya ne a kan kalma ɗaya daga bakin Baba.

Na zauna da koci muka yi magana. Na ce ya zo ranar Asabar da hantsi, shi da dattijo ɗaya, a kan babur ɗaya, na kuma faɗa masa dalili. Ƙauyenmu yana da doka wadda wahala ta koya mana. Baƙo in ya iso wata kuka da ke hayin rafi, sai ya kashe babur ya turo shi da hannu har a gane fuskarsa. In kuwa aka ji babura da yawa sun taho tare, ba a tsayawa tambaya. Akwai wani tsohon wilin mota na ƙarfe da aka rataye a tsakar gari, shi ake bugawa, mata da yara da tsofaffi su shige cikin gero, 'yan sa-kai kuma su kwanta cikin sabara a mashigin rafi. Koci ya ce ya fahimta. Ni na riga su tafiya tun ranar Juma'a, da rigar kulob ruwan ɗorawa a cikin leda.

Abin da ya faru a bayana sai daga baya na ji. Koci ya yi maganar tafiyar a majalisa, sarkin magoya baya ya miƙe ya ce wannan raini ne, yaya za a je roƙon ɗan wasa irin wannan da mutum biyu kamar masu zuwa aron fartanya? Ya ce dole a nuna wa Baba ɗansa yana da jama'a. Koci ya faɗi dokar ƙauyen, suka yi dariya, suka ce da rana tsaka, ga tutoci, ga waƙa, wa zai ɗauke su ɓarayi? Da kyakkyawar niyya suka yi, wannan na yarda har gobe.

Ranar Asabar Inna ta dama fura tun da safe. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya zauna a zaure yana gyaran igiya, wai shi ba jiran kowa yake ba. Ƙanena ya sa rigar kulob, ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, har Inna ta ce ya zauna kafin ya ƙarar da ƙofar. Ni kuwa ina ta bitar abin da zan ce in Baba ya fara kawo uzurin girbi.

Baba ne ya fara ji. Na ga ya daina murza igiyar ya karkata kai. Sai ni ma na ji, can nesa, wani gurnani mai haɗe da juna, ba na babur ɗaya ba, ba na biyu ba. Kafin in buɗe baki aka buga ƙarfe.

Wanda bai taɓa ganin ƙauye yana gudu ba zai ɗauka ihu ake yi. Ba a ihu. Wannan shirun ne ya fi tayar min da hankali. Mata suka fito da goyo, kowace ta toshe bakin yaronta da tafin hannu. Tukwane na kan murhu, kaji na watsewa, ba ka jin komai sai ƙarar ƙafafu. Inna tana da ciwon gwiwa, ni da ƙanena muka kama ta hagu da dama. Baba ya kwance shanun noma ya kora su, sannan ya biyo mu. Geron ya riga ya fi mutum tsawo, muka kutsa ciki muka durƙusa. Abin da ya fara zo min shi ne koci yana kan hanya, watakila ya faɗa hannunsu.

Muna nan durƙushe sai iska ta kawo wani sauti a kan gurnanin baburan. Ƙahon roba ne, irin dogon nan da ake busawa a filin ƙwallo, kuma busar da ake yi irin tamu ce, wadda muke yi in kulob ɗinmu ya zura ƙwallo. Na san ma bakin da ke busa ta. Nan take tsoro ya kama ni, fiye da lokacin da na ɗauka ɓarayi ne.

Na ce, "Baba, ba su ba na. Mutanena na, 'yan ƙwallo."

Baba ya dube ni ya ce, "Kawunku na mashigi da bindiga."

Ƙanen Inna shi ne shugaban 'yan sa-kai. Na hango abin da zai gani daga cikin sabara: babura sun fi goma, mutum uku-uku a kai, wasu sun ɗaure fuska da ƙyalle, wasu riƙe da dogayen sanduna. Daga nesa sandar tuta da bindiga ba su da bambanci. Kuma su ba sa jiran sallama, domin waɗanda suka saba zuwa ba sa yin ta. Na zaro waya, babu ko ɗigon sabis, a ƙauyenmu sai an hau tudu. Na yunƙura zan ruga, amma shekarun da na yi zaune kan keke sun gama da ƙafafuna, ni kaina na san ba zan kai ba.

Ƙanena ya riga ya cire takalma. Inna ta damƙe rigarsa ta baya tana cewa: "Auta, kak ka tahi. Ba su sanin wa a wa ba in sun ɗana."

Baba ya ce, "Sake shi."

Ta sake shi. Na bi bayansa iya ƙarfina har na fito gonar gyaɗa da ke kan tudu, daga nan ana ganin rafi. Na ga rigar nan ruwan ɗorawa tana yanka gonaki, bai bi hanya ba, kunya-kunya yake tsallakewa, kansa a ƙasa. A hayin can kuma ga baburan sun wuce kuka ba su tsaya ba, suna gangarowa ana danna hon ana kaɗa tutoci. Ina kallon nisan da ya rage masa, ina kallon nisan da ya rage musu, bakina ba abin da yake iya faɗa sai sunan Allah. Tsoro biyu ne a kaina: kada a harbe su kafin ya isa, kada kuma wani ya ji motsi a bayansa ya juyo ya harbe shi. Na ji muryarsa siririya yana kiran Kawu, yana kiran Kawu. Sai ya shige cikin sabara na daina ganinsa.

Sai bindiga ta tashi, sau ɗaya.

Na kawo wa yaro riga don in raba shi da bindiga, ga shi rigar ce ta kai shi bakinta. Da ƙyar na ja jiki na gangara.

Da na isa, ƙanena yana tsaye tsakiyar ruwa, ya kai masa gwiwa, ya buɗe hannuwa biyu, ƙirjinsa na hawa da sauka. Kawu ya ji muryarsa a daidai lokacin da ya ɗana, ya ɗaga bakin bindigar sama. A hayin can babura zube cikin yashi wasu kan wasu. Sarkin magoya baya yana kwance rub da ciki a cikin laka, rungume da tuta, kuma ranar ce kaɗai a rayuwata na gan shi bai da abin cewa.

Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka riƙa fitowa daga gero ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta yi ta zagaye tana neman ɗanta har aka same shi ƙarƙashin rumbu ya yi fitsari a wando. Wani tsoho ya taka kututture ƙafarsa na jini. Warin tuwon da ya ƙone ya cika gari. Abokaina suka zauna a ƙasa ƙofar zaurenmu, kowa kansa a sunkuye, koci yana ba da haƙuri har muryarsa ta dishe. Ni dai na riga na cire rai. Na san bayan wannan ko maganar ƙwallo ba mai sake yi a gidanmu.

Mai shayi, shi da ya sha cewa gudu ba ya cin ƙwallo, shi ne ya ɗago kai ya ce, "Baba, wallahi mun hange shi daga hayi. Ban taɓa ganin gudu awa wanga ba."

Baba ya ce, "Kun san inda yak koye shi?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Ba ga hili ba. Tun bai san wanki ba shika gudu cikin geron ga, da ɗiyan maƙwabta bisa wuya." Ya dubi ƙanena da ke tsaye wandonsa na ɗiga, sannan ya juya wajen koci. "Ku tahi da shi. In gudu na rabonai, gara ya yi shi inda mutane ka tahwa mai. Amma baburan ga, ku tura su da hannu har kuka. Kar in ji ƙarar ko guda."

Haka aka yi. Manyan mutane masu iyali suka tura babura cikin laka ba mai tari, ƙanena a tsakiyarsu da 'yar jakarsa. Inna ta tsaya bakin zaure tana kallo har muka ƙetare rafi, ba ta ɗaga hannu ba.

Bai buga ƙasar waje ba. Na Anka ma ya fi shi cin ƙwallo, kuma har yau ana wannan musu a kan bencina. Amma yana nan da ransa, ya iya ɗinkin kaftani fiye da ni, kuma ranar wasa in ya saki gudu ta gefe fili gaba ɗaya miƙewa yake. Ni kaɗai nake zaune, domin na san inda aka koyi gudun.

Abin da ranar ta koya min shi ne, son mutum ba ya isa hujjar shiga gidansu yadda ka ga dama. Kafin ka kai wa mutane murnarka, ka tambayi abin da ke firgita su, domin ƙarar da kake biki da ita wani da ita aka raba shi da barci. Yanzu in majalisa ta ɗauki zafi a kan wani sabon yaro, ana cewa ga ƙarfi ga gudu, nakan tsayar da keke in tambaye su ɗan wane gari ne, kuma wa ya bari a gida.